Matatar ruwan datti ta tsufa, garin kuma ƙarami: wa zai biya?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ke yi mini yawo a kai kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan tunda muna da injiniyoyi da masu lissafin kuɗi. A ce ga ƙaramin birni, mutanensa ba su wuce 20,000 ba. Yana da matatar ruwan datti, inda ruwan banɗaki da na wanka da na wanki ke taruwa a tace shi kafin a sake shi cikin kogi. Matatar ta shekara 40 tana aiki. Injina sun gaji, tankuna sun fara tsagewa, ga hukumar kula da muhalli ta aiko takarda cewa ruwan da ake saki bai cika sabon sharaɗi ba, ko a gyara ko a fara cin tara. Kuɗin gyaran kuma ya ninka abin da garin ke tarawa a shekara. Daga ina kuɗin zai fito?

In faɗi nawa ra'ayin tun da wuri: zalunci ne a ɗora wa mazauna garin. Kogin ba nasu ba ne su kaɗai, garuruwan da ke ƙasa da su ne ma za su fi morar tsabtarsa. Gwamnatin sama ce ta kafa sharaɗin, ita ya kamata ta biya.

Alhaji Sule:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ita gwamnatin saman a bishiya take tsinko kuɗi? Harajinka ne da nawa. In ta biya, manomin da ko famfo babu a gidansa ya taya mai banɗakin zamani wanke ƙazantarsa ke nan. Wannan ne adalcin?

Malam Nasiru:
Ranka ya daɗe, ai haka haraji yake tun fil azal. Wanda ba shi da mota ma da kuɗinsa ake shimfiɗa titi.

Injiniya Hadiza:
Abin da Malam Nasiru ke nema an taɓa yin sa, ya kuma yi aiki, sai dai ya bar baya da ƙura. A 1972 Amurka ta yi dokar tsabtace ruwa, gwamnatin tarayya ta riƙa biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin gina matatu, kyauta. Garuruwa manya da ƙanana suka yi ta gini, koguna suka gyaru, wannan babu musu. Daga baya aka rage kason zuwa 55, a 1987 kuma aka sauya tsarin ɗungurungum. Tarayya ta koma zuba kuɗi a wani asusu a kowace jiha, jihar ta ƙara kashi 20 a kan abin da aka ba ta, sai a riƙa ba garuruwa rance mai sauƙi. In gari ya biya, kuɗin ya koma asusun a ranta wa wani garin.

Ƙurar da nake nufi ga ta. Matatun da aka gina da kyautar nan duk sa'annin juna ne, tare suka tsufa. Kuma da yake garuruwan ba su ji zafin kuɗin ginin ba, da yawansu sun yanka wa jama'a kuɗin wata daidai abin da zai biya albashi da lantarki, ba a ware ko sisi don ranar da inji zai mutu ba. An shekara 40 ana jin daɗin araha, yau ranar ta zo.

Malam Nasiru:
To ai kin ƙara mini hujja, Injiniya. Waɗanda suka ci arahar sun ci sun share baki, wasu sun rasu, wasu sun ƙaura. Yanzu ɗan hayar da ya shigo garin bara shi zai biya musu?

Isyaku Akanta:
Malam, tambaya biyu kake cakuɗawa. Ta farko, wa zai kawo tsabar kuɗi yau a fara aiki? Ta biyu, daga aljihun wa kuɗin zai fita a ƙarshe? Banki da asusun rance suna amsa ta farko ne kawai. Rance jinkirta biya ne. A ƙarshe ko mai amfani da ruwan ya biya, ko mai biyan haraji, ko wani daga waje ya yi kyauta. Duk sunan da aka raɗa wa tsarin, in ka bi sawunsa a ɗayan nan uku zai sauka.

Ɗan hayar da kake tausaya wa kuwa, dogon rance shi ne gatansa. In aka ce a tara kuɗin nan cikin shekara 3, na yau ne za su sha wuya su gina wa na gobe. In aka shimfiɗa shi a shekara 30, kowa ya biya gwargwadon zamansa a garin, wanda ya tashi ya bar wa magajinsa ragowar.

Abin da ya kamata garin ya yi faɗa a kansa shi ne kuɗin ruwa. A ce aikin zai ci miliyan 10, ko da wane irin kuɗi ne, lissafin ɗaya ne. In an ranto na shekara 30 a kan kashi 2, za a riƙa biyan wajen 446,500 duk shekara, jimilla miliyan 13.4. In kashi 5 ne, 650,500 duk shekara, jimilla miliyan 19.5. Miliyan 6 sun tafi ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Raba wa gida 5,000 ka gani: 89 a shekara a na farko, 130 a na biyu. Shi ya sa wata shida da ma'ajin gari zai ɓata yana cike takardun neman rance mai rangwame sun fi duk wani ciniki da za a yi da ɗan kwangila riba. A Amurka ma'aikatar noma ma tana da nata shirin na rance da tallafi ga garuruwan da ba su wuce mutum 10,000 ba, biyan kan kai shekara 40.

Ɗan Audu:
Akanta ka rikita ni wallahi. Kuɗin ruwa na banki ko kuɗin ruwa na famfo? Wato a ƙara mana kuɗin ruwa don a biya kuɗin ruwa, a kan ruwan da muka riga muka zubar.

Isyaku Akanta:
Ɗan Audu, da wasa ka faɗa, amma Faransawa haka suke kiran tsarinsu: ruwa ke biyan ruwa. Dokarsu ta 1964 ta raba ƙasar bisa manyan koguna, aka kafa hukumomi 6. Duk mai ɗibar ruwa ko mai zuba datti a yankin kogi yana biyan wani abu, hukumar ta tara, ta mayar da shi tallafi ga garuruwan da ke gina matata ko gyara ta. Malam Nasiru, ka ga mutanen ƙasan kogin da kake magana sun shigo lissafi, ba tare da an taɓa aljihun wanda ba ruwansa da kogin ba.

Malam Nasiru:
Wannan kam ya kwanta mini. Na rubuta shi.

Baba Ilu:
Salamu alaikum. Ina ta karanta ku tun ɗazu, kowa na maganar kuɗin gini. Ni da na ƙare ƙuruciyata a bakin tankunan nan, kuɗin gini bai taɓa hana ni barci ba. Kowa na son gini, saboda akwai ranar yanka kintinkiri, akwai hoto. Abin da ke kashe matata kuɗin kullum ne.

Bari in gaya wa waɗanda ba su taɓa shiga ba. Yawancin matatun nan ba magani ke tace ruwan ba, ƙwayoyin halitta ne, bakteriya. Kiwonsu ake yi kamar yadda ake kiwon dabba. Dattin shi ne abincinsu, kai kuma aikinka ka hura musu iska dare da rana su numfasa. Tun 1914 wasu mutum biyu, Ardern da Lockett, suka fito da dabarar a Manchesta, har yau a kanta ake. Injin hura iskar nan shi kaɗai yakan cinye rabin lantarkin matata, wani wurin fiye. In ya tsaya na wasu awoyi ƙwayoyin su galabaita, in ya kwana biyu su mutu, tankin ya yi baƙi ya fara wari. In sun mutu, ko wuta ta dawo sai ka yi makonni kana renon sababbi.

Na yi aiki a wata matata, ba zan kama suna ba. Kyauta aka gina ta, sabuwa fil, injin iska uku: biyu na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Shekara ta huɗu ɗaya ya lalace. Muka rubuta takarda, aka ce babu kuɗi a kasafi, a tayar da na ajiya. Da na biyu ya fara ƙara, muka kwance na farko muka ciri kayan gyara. Haka muka yi ta cin naman ɗaya muna ciyar da ɗaya har ya rage saura guda. Ranar da shi ma ya tsaya, aka kira ni aka ce in buɗe ƙofar da ke zarcewa da ruwan kogi kai tsaye, in bari sai dare ya yi. Na buɗe. Ina da iyali. Amma har yau in na tuna masu wanki da na gani da safe a ƙasan wurin, raina ɓaci yake yi. Abin da ya kawo wannan duka bai kai kuɗin walimar buɗe matatar ba.

Kuma jama'a suna biyan kuɗin wata fa. Sai dai asusu ɗaya yake shiga da sauran kuɗin gari, a yi albashi da shi, a yi fitilun titi, mu a ce mu yi haƙuri.

Injiniya Hadiza:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da kuka faɗa ba a koyar da shi a aji. In ƙara da wani abu a kan lissafin Akanta: siminti kan yi shekara 50, amma famfuna da injin iska da kayan lantarki tsakanin 15 zuwa 20 suke gajiya. In ka ranci kuɗi na shekara 40 ka sayi inji, zai mutu kana tsakiyar biyan bashinsa, ka sake ranto wani a kai. Dole kuɗin wata ya ƙunshi ajiyar sauya inji tun daga watan farko.

Zainab:
Ina gaida iyaye da yayye. Duk inda aka zaga dai ana dawowa kan a ƙara kuɗin wata. Ni tambayata, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da ɗan fanshonta fa? A Amurka an daɗe ana auna nauyin da kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar matsakaicin gida, in bai wuce haka ba a ce garin zai iya ɗauka. To matsakaici ai yana nufin rabin garin suna ƙasa da shi. Abin da yake kashi 2 ga na tsakiya yana iya zama kashi 6 ga wadda samunta sulusin nasa ne. Kuma ruwan banɗaki ba abin da mutum zai ce bari in rage ba ne.

Isyaku Akanta:
Gaskiyarki ƙanwata. Sai dai maganin ba shi ne a bar kuɗin a ƙasa ga kowa ba, don in ka yi haka mai otal da mai gidan wanki su suka fi cin rangwamen, su ke zubar da ruwa mai yawa. A sa kuɗin ya kai abin da aikin ke ci, sannan a nemo tsohuwar a tallafa mata ita. Chile ta yi doka a 1989, gwamnati na biya wa gidajen marasa ƙarfi wani kaso na kuɗin ruwa da na magudana, su cika ragowar. Birnin Filadelfiya na Amurka kuma tun 2017 yana yanka wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wata bisa abin da suke samu.

Zainab:
Yaya Isyaku, Filadelfiya babban birni ne, akwai masu kuɗin da za su ɗauki nauyin. Garin da rabinsa tsofaffi ne, matasa sun watse neman aiki, wa zai tallafa wa wa? Kuma in mutane na raguwa, bashin ba ya raguwa.

Isyaku Akanta:
Nan kam kin kama ni. Irin wannan garin sai da kuɗi daga waje, ko ya haɗa kai da maƙwabta. Sikotilan ta haɗe hukumomin ruwanta suka zama ɗaya a 2002, ɗan ƙauyen tsibiri da ɗan babban birni tsarin kuɗi ɗaya suke bi.

Alhaji Sule:
Duk kun sha zagaye. Labarin Baba Ilu ya isa hujja: hukuma ba ta iya riƙon kaya. A ba kamfani ya kawo kuɗinsa, ya gina, ya gudanar shekara 25, ya karɓi kuɗin wata. Mai kaya ba ya barin injinsa ya mutu.

Malam Nasiru:
Alhaji, an gwada. Ingila da Wales sun sayar da hukumomin ruwansu a 1989, gwamnati ta yafe musu bashin da ke kansu kafin ta miƙa. Yau bashin kamfanonin ya haura fam biliyan 60, an raba wa masu hannun jari riba shekara da shekaru, ga ɗanyen ruwan masai ana ta saki a koguna da bakin teku har ya zama abin faɗa a majalisa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Alhaji Sule:
To ni ma ga nawa. Gundumar Jefferson a jihar Alabama ta Amurka, kamfani ne ya riƙe ta? Hukuma ce. Aikin magudanar ruwan datti ya jefa ta bashin sama da dala biliyan 3, aka ɗaure jami'ai kan cin hanci, a 2011 ta je kotu ta ce ta tsiyace. Kafin birnin Detroit ya tsiyace a 2013 babu ƙaramar hukumar da ta taɓa faɗuwa irin wannan a ƙasar. Jama'a kuma kuɗin watansu ya ninka ya sake ninkawa.

Malam Nasiru:
Ka manta ka faɗi cewa manyan bankuna ne suka sayar musu da wasu yarjejeniyoyin musayar kuɗin ruwa da su kansu jami'an ba su gane kansu ba. Da rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya zo sai ɗinkin ya tsinke.

Alhaji Sule:
Wa ya sa hannu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Injiniya Hadiza:
Alhaji da Malam, ku sassauta. Akwai abin da ya fi wannan gardamar: kamfani ma ba ya zawarcin ƙaramin gari. Kuɗin lauyoyi da masu rubuta yarjejeniya kusan ɗaya ne ko aikin babba ne ko ƙarami, sannan kamfani na ranto kuɗi da tsada fiye da hukuma, ya kuma ɗora ribarsa. Abin da na ga ya fi ma'ana shi ne a ɗaure ɗan kwangila da sakamakon aikinsa. A aikin tsabtace kogin Ganga, Indiya na biyan kashi 40 lokacin gini, sauran 60 a biya shi cikin shekara 15, muddin ruwan da ke fita ya cika sharaɗi. Barazil ma tun 2001 ta fito da shirin da ba ya biyan kuɗin gini, sai an auna an ga dattin da aka cire. Wanda ya san kuɗinsa na maƙale da injin iska ba zai kawo na bogi ba.

Alhaji Sule:
To ai kamfanin ne dai, kin sa masa linzami kawai. Na yarda da linzamin.

Malam Tukur:
A gafarce ni, na shigo a makare. Tun sama nake ganin kashi 2, kashi 5, babu wanda ya ce uffan. Riba ce fa. Babu wata hanya?

Isyaku Akanta:
Akwai, Malam. Wasu asusun gwamnati na ba garuruwa marasa ƙarfi rance ba ruwa ko kaɗan, wani lokaci har a yafe wani kaso na uwar kuɗin. Akwai istisna'i, mai kuɗi ya gina ya sayar wa garin a kan farashin da aka yanke, a biya kaɗan-kaɗan. Akwai sukuk na haya, masu zuba kuɗi su mallaki kadarar, garin ya riƙa biyan haya har ta dawo hannunsa. Indunusiya ta fitar da sukuk na ayyukan kare muhalli na dala biliyan 1.25 a 2018. Matsalar dai wadda Injiniya ta faɗa ce, shirya takardun na da tsada, ƙaramin gari shi kaɗai ba zai iya ba sai an tara garuruwa da yawa a fita kasuwa tare. Kuma ko ta wace hanya aka bi, kada garin da ke karɓar kuɗin wata da kuɗin ƙasarsa ya ci bashi da kuɗin waje. Darajar kuɗi na faɗuwa bashin ya kumbura, mutum yana barci.

Malam Tukur:
Madalla. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Hadiza:
Ni kuma kafin a je neman kuɗi, a fara tambayar ko adadin da aka faɗa dole ne. Sau da yawa a kan ce matata ta yi kaɗan, alhali ruwan sama ne ke cika ta. Tsofaffin bututu sun tsattsage, ruwan ƙasa na tsatsowa ciki, wasu gidaje kuma sun haɗa indararon rufinsu da bututun datti. Ranar da aka yi ruwa sai abin da ke isowa ya ninka na rani. Ana hura hayaƙi cikin bututu a ga inda yake fitowa, a zura kyamara a ga tsagar. In aka toshe wuraren nan, mai yiwuwa tankin da ake da shi ya isa.

Sai masana'antu. Mayanka ɗaya ko kamfanin madara ɗaya kan zubar da dattin da ya kai na dubban mutane. Ko ya tace nasa kafin ya sako, ko a caje shi bisa kaurin dattinsa. Bai kamata tsohuwar Zainab ta biya masa ba.

In kuma garin na da fili da zafin rana, akwai tafkuna. A jera su ruwan ya bi ɗaya bayan ɗaya na wasu makonni, rana da gansakuka da bakteriya su yi aikin, kusan babu lantarki. A gabashin birnin Kolkata na Indiya akwai fadama mai hekta wajen 12,500 da ke karɓar ruwan dattin birnin, har kifi ake kiwo a ciki. Ƙauyukan Faransa dubbai kuma da gadajen tsakuwa da aka shuka wa ciyawar fadama suke tace nasu.

Baba Ilu:
'Yata, tafki na da kyau, na yi aiki da shi, amma kada a ce wa mutane ba ya cin kuɗi. Laka na taruwa a ƙasa, in ba a kwashe ba bayan wasu shekaru sai ya cike ya zama kududdufi. Kwasar kuma aiki ne ja, ga neman inda za a kai ta. Ciyawa ta rufe baki sauro ya samu gida. Sannan a ƙasar sanyi, in sharaɗin da aka kafa na amoniya ne, sinadarin nan da ke fitowa daga fitsari, tafki ba ya cika shi da hunturu, ƙwayoyin lafewa suke yi. Malam Nasiru bai gaya mana wane sharaɗi aka aiko wa garin nasa ba.

Malam Nasiru:
A ce amoniya da fosfaras, sinadarin da ake samu a dattin banɗaki da takin gona, Baba, su aka fi matsa wa yanzu.

Baba Ilu:
To fosfaras sai da magani, gishirin ƙarfe ko alif, kullum ana zubawa, kuma yana ƙara yawan laka. Wani sabon kuɗin kullum ke nan da ba ya cikin takardar ɗan kwangila.

Ɗan Audu:
Ni fa na ji ana cewa dukiya ce a cikin abin nan. Gas, taki, ruwan ban-ruwa. Me zai hana matatar ta ciyar da kanta, a ƙyale mu?

Injiniya Hadiza:
Gas ɗin gaskiya ne, amma sai laka ta yi yawa tankin ruɓar da ita ke mayar da kuɗinsa, harkar manyan birane ce. Taki kuwa, yawancin matatu murna suke in manomi ya zo ya kwashe kyauta. Ruwan ne kan yi daraja inda ake fari. Windhoek ta Namibiya tun 1968 take tace shi har ya koma na sha, don ba ta da wani kogi kusa. Inda ruwa ke da yawa ba mai saye. A lissafa shi a matsayin ɗan ragi, kada a ci bashi da sunansa.

Ɗan Audu:
Shi ke nan, arzikin masai ma ya fi ƙarfin talaka.

Alhaji Sule:
Ku bar lissafi, matsalar siyasa ce. Wane kansila ne zai ƙara kuɗin masai ana saura shekara zaɓe? Ko Landan sai da wari ya kori 'yan majalisa daga ɗakunansu a bazarar 1858, sannan cikin kwana 18 suka yi dokar da aka shekara ana jan ƙafa a kanta. Suka ba da izinin ranto fam miliyan 3, a biya da ɗan haraji a kan gidaje cikin shekara 40, injiniya Bazalgette ya gina magudanun da har yau ake amfani da su. Kwalara ta kashe dubbai kafin nan ba su motsa ba, sai da abin ya shiga hancinsu.

Isyaku Akanta:
Shi ya sa ƙarin kaɗan duk shekara, wanda aka rubuta a doka ya riƙa hawa da kansa, ya fi a yi shiru shekara 15 sannan a ninka dare ɗaya. Kuma asusun matata ya zama daban, da dokar da ta hana a taɓa shi, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita kowa ya gani. Masu ba da rance ma abin da suke fara dubawa ke nan. Garin da ya je musu da kuɗin watan da bai motsa ba tun zamanin kakanni, ba sa ɗaukar sa da gaske.

Malam Nasiru:
Na saurari kowa. Na sauka daga rabin maganata: injin da ya tsufa a hidimar garin, garin ya sauya abinsa, Baba Ilu ya gama da ni a nan. Amma sabon sharaɗi, ina nan a kan bakana. Tarayyar Turai da ta sabunta dokarta ta 1991 kan tace ruwan dattin birane a 2024, ta sauko da ita har kan garuruwa masu mutum 1,000, ta kuma ce a riƙa cire ragowar magunguna daga ruwa a manyan matatu. Wa ta ce ya biya wannan ƙarin tacewar? Kamfanonin magani da na kayan kwalliya, aƙalla kashi 80. To in an iya bin sawun datti har ƙofar mai shi, a yi wa ƙaramin gari irin wannan adalcin. Fosfaras ɗin da ke kogi, nawa ne daga banɗakin mutum 20,000, nawa ne daga takin gonakin da ke kewaye? Matata ake matsa wa saboda ita ce ke da bututu ɗaya da za a iya zuwa a ɗebi ruwa a auna.

Injiniya Hadiza:
Wannan ƙorafin naka injiniyoyi da yawa na yin sa. A koguna da dama gonaki ne ke kan gaba. Sai dai da rani, in ruwa ya ja baya gonaki sun daina zuba, abin da matata ke saki kan zama kaso mai yawa na kogin. Sai an auna kogin da kansa kafin a yanke.

Alhaji Sule:
Yanzu kuma manomi za ku bi da takardar haraji? Allah ya ba ku sa'a. Ni na tafi masallaci.

Zainab:
Yaya Isyaku, ba a amsa mini ɗaya ba. Tallafin nan na masu ƙaramin ƙarfi, in sunan mai gida ne a takardar biya, ɗan haya ta ina zai same shi? Mai gida zai zuba ƙarin a kuɗin haya ne kawai.

Isyaku Akanta:
Haka ne, kuma shirye-shirye da yawa a nan suke tuntuɓe. Ko a bi ta hukumar da ke ba da tallafin marasa ƙarfi a ba ɗan hayar a hannunsa, ko a raba mita. Raba mita a tsohon gini kuma wani kuɗin ne. Bari in duba yadda masu gidajen haya da yawa ke yi, in dawo miki gobe in Allah ya kai mu.

Baba Ilu:
Malam Nasiru, in garin nan naka na gaske ne ba misali ba, ka gaya musu abu biyu daga bakina. Kafin mai zane ya ja layi ko ɗaya, a zaunar da ma'aikacin da ke kwana a matatar a tambaye shi abin da ke lalacewa. Sannan a rubuta a kwangila cewa injin iska da famfuna su zama irin waɗanda ake samun kayan gyaransu a ƙasar, a kuma ajiye na shekara biyu a sito kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe. Namu sai da muka jira wata bakwai kafin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannuna ba ya iso ta jirgin ruwa.